Masu Gadin da Allah Ya Ajiye a Jikinka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yan'uwa, duk ɗan Sabo da ya taɓa sana'ar goro ya san sankara. Kana buɗe huhu kana tsince wanda ya ɓaci, don kada ya lalata sauran. To, ciwon dajin da muke kira sankara shi ma Allah Ya sa masa masu tsinta a cikin jikinmu.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne. Kowace tana baje samfurin abin da ke cikinta a bayanta, kamar yadda ɗan kasuwa ke baje kaya a bakin shago. Akwai fararen ƙwayoyin jini, masu suna T, da ke zagayawa dare da rana suna dubawa. In suka ga baƙon samfuri, sai su manne wa ƙwayar, su huda ta, su zuba mata sinadarin da zai kashe ta. In kuwa ta yi wayo ta ɓoye samfurin, akwai wasu masu suna NK waɗanda rufe shagon ma shi ke jawo hankalinsu. Duk wannan kana barci, ba ka biya ko sisi ba. Subhanallah!

Amma wani lokaci daji kan yaudare su. Yakan nuna wata alama da ke taka musu burki, ya ci gaba da girma. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun sami kyautar Nobel a 2018 saboda gano yadda za a saki wannan burki.

Garin nan ma yana da hannu a binciken. A 1963, nan Ibadan, aka raya ƙwayoyin dajin wani yaro mai ciwon Burkitt a ɗakin gwaji. Har yau masana a ƙasashen duniya na gwada magunguna a kansu.

Ina darasin? Idan ƙari ya fito har hannu yana jin sa, a nono ko a wuya, wataƙila masu gadin sun buƙaci taimako. Kada a ce jifa ne a zauna. Kada a ce sai an tafi gida Kano ko Katsina bayan Sallah. Asibitin UCH yana nan kusa da mu tun 1957. Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani, kuma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Maigida, in iyalinka ta ce ta ji wani kulluɓutu, ka kai ta da kanka, ka nemi likita mace in kunya ce matsalar. A yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma na sankarar mahaifa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.