Wace Wutsiya Ce Baƙo Za Ya Ɗaura?

Hausawa suna cewa, in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Suna kuma cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Magana ta fari tana tura matafiyi cikin mutanen garin baƙunci, ta biyu kuwa tana jawo shi baya. To, ya ku masu karatu, yaron da ya tafi neman ilimi a wata ƙasa, har ina ya kamata ya shiga al'adun masu masaukinsa?

Tafiya neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gumel. Tun kaka da kakanni almajirai su kan bar Sule Tankarkar da Maigatari da Gagarawa su nufi gabas wurin malaman Barno, su zauna cikin Barebari, su ci abincinsu, su koyo gaisuwarsu. A zamaninmu tafiyar ta ƙara nisa. Sa'anda Muhammad Badaru Abubakar ya yi mulkin Jihar Jigawa, daga 2015 zuwa 2023, gwamnati ta aika da yara ƙasar Sin su koyi likita. Waɗansu kuma Sudan aka kai su, har yaƙin da ya tashi a watan Afrilu na 2023 ya sa aka kwaso su. Akwai ma 'yan Nijeriya da suka yi karatu a Jami'ar FPT ta ƙasar Biyetnam, ƙasar da muka ƙulla zumunci da ita tun 1976. Bari mu ɗauki Biyetnam ta zama mana misali, gama ta yi nisa da mu ƙwarai, duk da haka akwai wuraren da muka yi kama.

Abu na fari da yaronmu za ya tarar shi ne harshe. Rubutun ba za ya firgita shi ba, gama da haruffan boko su ke rubutu. Masu wa'azi daga Turai ne suka fara shirya musu shi, wani Bafaranshe kuma mai suna Alexandre de Rhodes ya buga ƙamus ɗinsa a Roma cikin 1651. Wahalar tana wajen faɗi. Mu mun san yadda murya ta ke raba kukan yaro da kukar miya. Mutanen Hanoi, babban birnin ƙasar, karin murya shida gare su. Kalma guda, "ma", tana iya zama fatalwa, ko kabari, ko doki, ko dashen shinkafa, bisa ga yadda aka ɗaga murya ko aka saukar.

Ga wani abin da ya fi wannan. A harshensu ba a cika ce wa mutum "kai" ko "ke" kurum ba. Wanda ya ɗan girme ka wa ne, "anh". In mace ce, ya ce, "chi". Na ƙasa da kai "em" ne, watau ƙane ko ƙanwa. Malamar makaranta da sunan goggo a ke kiranta. Saboda haka su kan tambayi baƙo shekarunsa tun haɗuwar fari, ba don raini ba, sai domin su san gurbinsa. Babba kuwa da hannu biyu a ke miƙa masa abu. Kowace shekara ran 20 ga Nuwamba ɗalibai su kan kai wa malamansu furanni da gaisuwa. A Hanoi akwai wani tsohon haikali na masu ilimi da aka gina a 1070, aka buɗe makaranta a cikinsa a 1076. Har yau duwatsu 82 suna tsaye a can, kowane a bayan kunkurun dutse, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar sarki daga 1442 zuwa 1779. Yaron da ya saba durƙusa wa iyayensa a Sule Tankarkar ba za ya yi asarar kome ba in ya ɗaura wannan wutsiya. Wanda ya ƙi, ya kulle kansa a ɗaki tare da 'yan ƙasarsu, yana kushe abincin gari, za ya komo da takarda a hannu, amma Biyetnam bai gan ta ba.

Amma fa akwai wata wutsiya. A gidaje masu yawa a can akwai bagadi a wuri mai daraja, da hotunan iyaye da kakanni da suka rasu. A kan ajiye musu 'ya'yan itatuwa, a ƙona turare, a sunkuya, balle a lokacin Tet, watau idin sabuwar shekararsu, wanda ya kan faɗo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A ce abokin karatu ya gayyaci yaronmu gida, uban gidan ya miƙo masa turare da zuciya ɗaya. A ce kuma an zuba masa barasa, kowa ya ɗaga ƙoƙo yana jiransa. Me za ya yi?

Waɗansu za su ce, ai girmama iyaye ne kawai, kamar yadda mu kan ziyarci kabari, ya karɓa mana. Waɗansu za su ce, tsafi ne, kada ma ya taka gidan. Dukansu biyu sun yi gaggawa, gama sun yanke shari'a tun ba su ji ba'asi ba. A cikin mutanen ƙasar da kansu, wani tunawa ce kurum ya ke yi, wani kuwa roƙon matattu ya ke yi su kawo masa arziki. Ƙaƙa baƙo za ya rarrabe in ba ya jin harshen, ba shi kuma da abokin da za ya tambaya? Ashe wanda bai shiga cikin mutane sosai ba, ko abin da za ya ƙi ma bai sani ba. Za ya ƙi abin da ba laifi, ya ɓata zumunci a banza, ko kuwa kunya ta sa ya yi abin da zuciyarsa za ta kayar da shi daga baya.

Mun san labarin Daniyel, wanda aka kai Babila yana saurayi. Shekara uku ya yi yana koyon harshen Kaldiyawa da littattafansu. Suka sake masa suna, bai yi gardama ba. Amma a kan abincin sarki da ruwan inabinsa ya tsaya. Dubi kuwa yadda ya tsaya: bai zagi kowa ba, sai ya roƙi mai lura da su da ladabi a gwada shi kwana goma. Haka yaronmu za ya iya shiga gidan, ya gai da tsofaffi da sunan da ya dace, ya tambayi labarin kakan da ke cikin hoton, ya tsaya shiru sa'anda su ke yin nasu. Sa'an nan ya gaya musu da harshensu cewa ga Allah kaɗai ya ke kai roƙo, amma yana ganin girman iyayensu. Mutanen da suka san ladabi haka ba su kan rasa gane ladabi ba.

Saura magana guda, watau komowa. Daga 1905 wani mai kishin Biyetnam, Phan Boi Chau, ya riƙa tura samari Japan su koyo ilimi, har suka kai wajen 200 kafin a kore su a 1909. Ba don su zama Japanawa suka tafi ba, sai domin ƙasarsu da ke hannun Faransa a lokacin. Mu ma muna da abin da mu ke so a koyo mana. Biyetnam ta sha ƙarancin abinci bayan yaƙi, ta sake tsarinta a 1986, zuwa 1989 ta soma sayar wa duniya shinkafa. Kashun Nijeriya ɗanye a ke kai musu, su fasa, su gyara, su ci ribar. Riɗin Gagarawa da Maigatari ma yawancinsa haka ya ke fita, ba a sarrafa ba. Irin wannan sani ba a aji kaɗai a ke samunsa ba. Sai an zauna da manomi da mai masana'anta, an ci shinkafa tare.

Saboda haka, iyaye da dattawan ekklesiya, in ɗanku za ya tashi, kada gargaɗinku ya tsaya ga "kada ka yi cuɗanya da su". Ku ce masa ya koyi harshen, ya girmama malamansa, ya yi tambaya kafin ya karɓa ko ya ƙi. Ku riƙa aika masa da labarin gida, na damina da na kasuwar Alhamis ta Maigatari, ku kuwa tuna da shi cikin addu'a har Allah ya komo mana da shi lafiya.