Gonar da Ake Biyan Kuɗi Don a Ɓace a Cikinta

A Amurka, idan kaka ta kama, daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, akwai manoman da ba sa gaggawar girbe masararsu. Sai su kafa rumfar sayar da tikiti a bakin gona, mutane su yi layi da 'ya'yansu, su biya kuɗi don su shiga su ɓace. An fitar da hanyoyi ne a tsakiyar masarar, masu kwana da rassa, wata ta kai ka gaba, wata ta zagaya da kai ta ajiye ka inda ka taso, wata kuma ta mutu a gaban kara. An fi danganta farkon wannan wasa da shekarar 1993, a garin Annville na jihar Pennsylvania, inda Don Frantz da Adrian Fisher, wani gwanin zana irin waɗannan hanyoyi ɗan Ingila, suka fitar da siffar wata ƙatuwar dabbar zamanin da a fili mai kimanin eka 3. Zuwa 2014, wata gona a Dixon ta jihar Kalifoniya ta kai eka 60.

Manomi yakan yi shukar a makare don ta kai Oktoba da sauran ɗanyenta, kuma da yawa sukan gitta layuka, tsaye da kwance, don kada ido ya ratsa. Tun masarar ba ta kai gwiwa ba ake bin zanen da aka yi a kwamfuta, da taimakon na'urar GPS, a sare duk shukar da ta faɗo kan hanya. A wannan lokaci ko yaro ya tsaya a bakin gona zai hango mafita. Bayan wata biyu masara ta haura mita biyu. Hanyoyin suna nan inda aka yanke su, ba a ƙara musu ko taku ɗaya ba, amma babba da hankalinsa zai yi awa guda yana bulayi. Ɗan tsawon da kara ya ɗara kan mutum, shi kaɗai ya sauya. Duk wanda ya taɓa kutsawa gonar dawa gab da girbi, ya juya bai ga ƙauye ba, ya san wannan faɗuwar gaba.

Idan bikin Halowin na 31 ga Oktoba ya ƙarato, wasu gonakin sukan buɗe da dare. A ɓoye ma'aikata cikin masarar sanye da tsumma da fuskokin dodanni, wani riƙe da injin yankan katako da aka cire wa sarƙa. Ƙara ce zalla, ba ya yanka komai, kuma kowa ya san haka tun a bakin ƙofa. Duk da haka in ya tashi a bayan mutum cikin duhu, ƙafa ba ta tsayawa ta yi shawara da kai.

A Oktoban 2011, a garin Danvers na jihar Massachusetts, dare ya rutsa da wasu ma'aurata da jaririnsu a irin wannan gona. Suka kira lambar gaggawa ta 911 a firgice. Da ɗan sanda ya zo da karensa, sai ya same su kimanin ƙafa 25 daga bakin titi. An yi ta yi musu dariya a lokacin, amma ba su cancanci dariya ba. Wanda bashi ya dabaibaye, ko rigimar gado ta raba shi da 'yan'uwansa, haka yake tsaye. Ganye ne a gabansa, ganye a bayansa, kuma ba shi da hanyar sanin ko mafita na nesa ko tana bayan layi biyu. Na waje, da yake ganin komai a shimfiɗe, sai ya yi mamakin wautarsa, ya manta cewa bai fi shi hankali ba, wurin tsayuwa ya fi shi.

Akwai tsohuwar dabara: ka ɗora hannu a bango ɗaya, ka bi shi ba saki, za ka fita. Tana aiki muddin bangayen a haɗe suke. Masu zane sun san da ita, shi ya sa suke barin tsibirin masara da bai haɗu da komai ba, mai dabara ya yi ta zagaya shi cike da yarda da kansa. Haka mutum yake kafewa kan hanyar da ta taɓa fisshe shi, ko da gonar ta bana daban ce.

Don haka gonaki da yawa suke gina gada ko dandamali mai tsawo, a sa ma'aikaci a kai, wasu kuma su ba kowace tawaga tuta a kan doguwar sanda. Daga can sama zanen yana bayyana sarai, kowace kwana da dalilinta, har matacciyar hanyar da ta ba mutum haushi ta zama ido ko ƙahon dabbar da aka zana. Wanda ya gaji ya ɗaga tuta, a gaya masa inda zai bi. Sai dai ɗaga ta yana nufin yara su ji cewa baba bai san hanya ba, ga shi kuma amsar da ke saukowa daga sama sau da yawa ita ce a koma baya. Magidanci zai gwammace ya ƙara zagaye uku, tuta a saɓe a kafaɗa, yana cewa saura kaɗan.