A Gida Ko A Makarantar Gwamnati?

Karanta Kubawar Shari'a 6:4-9 da 2 Timothawus 1:5.

Cikin watan Maris na 1920 da ɗari, wato 2020, aka rufe makarantun ƙasarmu saboda annobar korona, yara suka zauna gida wata da watanni. A lokacin nan iyaye da yawa suka ga abin da ba su sani ba a dā: waɗansu suka tarar ɗansu na aji huɗu ba ya iya karatu, waɗansu kuwa suka ga ashe su da kansu suna iya koya masa. Tun daga nan masu bi ke tambaya, shin ina ya fi kyau yaro ya koyi ilimi, a gida ko a makarantar gwamnati?

A Amurka wannan gardama ta daɗe. Cikin 1972 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yardar wa jama'ar Amish su fid da 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas saboda addininsu. Kafin ƙarshen 1993 dukan jihohin nan 50 sun halatta koyar da yara a gida. Gwamnatinsu ta ƙiyasta yaran da a ke koyarwa a gida sun kai 850,000 cikin 1999, sun kuma kai wajen miliyan 1.7 cikin 2016. Jamus kuwa ba ta yarda ba, dole ne yaro ya tafi makaranta, in iyaye sun ƙi a ci su tara. Faransa ta yi doka cikin 2021 cewa sai da izinin hukuma. A Nijeriya dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Bari mu auna su biyu. Makarantar gida tana da albarka. Uwa ta san inda ɗanta ya ke tuntuɓe, tana iya tsayawa a kan darasi ɗaya har ya gane. Iyaye ne ke zaɓen littattafai, su kuma fara aikin yini da addu'a. Amma tana da nauyi. Sai ɗaya daga cikin iyayen ya bar gona ko kasuwa ko ofis ya zauna gida, ya kuwa zama mai ilimin da zai koyar da lissafi da Turanci da kimiyya. Yaro ya kan rasa abokai, in kuwa a na zaluntarsa a gida ba wani na waje da zai gani.

Makarantar gwamnati ita ma tana da albarka. Akwai malamin da aka horar, akwai jarrabawa da takardar shaida, ɗan talaka kuma yana zama a benci ɗaya da ɗan mai kuɗi, Kirista da Musulmi su koyi zaman tare. Amma inda aji ya cika maƙil malami ba ya iya sanin zuciyar kowane yaro, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai.

To, mene ne Littafi Mai Tsarki ya nuna mana? Timothawus ya koyi Nassi tun yana ƙarami a hannun kakarsa Lo'is da uwarsa Afniki. Musa kuwa an koya masa dukan ilimin Masarawa a gidan Fir'auna, amma uwarsa ce ta fara renonsa, da ya yi girma bai manta da jama'arsa ba. Daniyel ya yi shekara uku a makarantar sarkin Babila, har aka sāke masa suna, duk da haka bai ƙazantar da kansa ba. Ga kuma Hofni da Finehas, waɗanda suka girma a gidan firist, kusa da bagaden Ubangiji a Shilo, suka lalace gama ubansu Eli bai kwaɓe su ba yadda ya kamata. Ashe bangon gida ba ya ceton yaro, makarantar al'ummai kuma ba lalle ta hallaka shi ba. Abin da Allah ya ke tambaya shi ne, wa ya ke lura da ran yaron?

Ka yi lissafi, ɗan'uwa. Mako yana da awa 168. In yaro ya yi awa 6 a makaranta har kwana 5, awa 30 ke nan. In ya yi barcin awa 9 kowane dare, awa 63 ke nan. Sauran awa 75 fa, a hannun wa su ke? A hannunka. Domin wannan ba uban da zai tsaya gaban Ubangiji ya ce laifin malami ne.

In kana da ilimi da zarafi, doka kuma ta yardar maka, ka koyar da ɗanka a gida, amma kada ka kulle shi. Bari ya yi cuɗanya da tsaransa, ya kuma zauna jarrabawa domin kada ƙofar aiki ta rufu a gabansa. In kuwa makarantar gwamnati ka ke kai shi, kada ka ga kamar ka sauke kaya. Ka san sunan malaminsa, ka je taron iyaye, ka duba littafinsa da dare, ka tambaye shi su wane ne abokansa. Ku karanta Maganar Allah tare kafin barci, ko da minti goma ne. Mai koyarwa a gida kada ya rena mai kai ɗansa makaranta, wannan kuma kada ya yi wa wancan ba'a.

Ekklesiya ma tana da rabo, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Akwai gwauraye da iyayen da ba su iya karatu ba, bari masu ilimi su taimaki 'ya'yansu da yamma a majami'a. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ubangiji shi ba mu hikima mu riƙe amanar da ya danƙa mana. Amin.