Darasin da ke cikin yis



Mai tuyar fanke a Bodinga da mai gashin burodi a Shagari kullum suna zuba yis cikin ƙullu. Wa ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa?

Yis halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak. A 1980, Randy Schekman da ɗalibinsa Peter Novick, a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, suka gano ƙwayoyin gado 23 masu tsara yadda yis ke ɗaure furotin cikin 'yan jakunkuna ya fitar da shi waje. In ɗaya ta lalace, sai kaya su taru ciki kamar tasha babu mota. Irin wannan tsarin ne ke fitar da insulin a jikinka. Aikin ya kai Schekman ga kyautar Nobel a 2013.

Subhanallah! Su ganowa suka yi, Allah ne Ya tsara.

Yau da yis ake haɗa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, da kaso mai yawa na insulin ɗin masu ciwon suga. To ɗan uwa, don me za ka hana jaririnka allura, ko ka ajiye maganinka saboda jita-jita? Wallahi neman magani ba ya karya tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.