Hoton Kwana Biyar

Ranar da jaririn ya cika kwana biyar aka kira mai hoto. Haihuwar fari ce, saboda haka mai jego tana gidan iyayenta a Gwammaja, inda ta zo goyon ciki. Uban yaron yana Fatakwal wajen aiki, sai jajibirin suna zai iso, kuma tun ranar haihuwa bai bar kowa ya huta ba, shi dai a turo masa hoto. An tura masa ba adadi, duk da waya, duk a ɗakin da labulensa ke sake dare da rana. Ƙanwarsa, goggon jaririn, ita ta ce wannan bai wadatar ba. A nemo wadda ta iya, a yi irin wanda ake gani a Instagram, a buga a kalanda da jakunkunan rabo kafin taron suna.

Mai hoton budurwa ce, 'yar wani dattijo da ya yi zamanin fim da ɗakin wankin hoto a Fagge. A hannunsa ta koya. Mata sun fi kiran ta, domin ɗakin mai jego ba wurin shigar baƙon namiji ba ne. Ta iso da hantsi, ana tsakiyar hunturu, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Hajiya, mahaifiyar mai jego.

"Barka da arziki, Hajiya. Allah ya raya mana."

"Amin, 'yar nan. Ga angon nawa can, sai barci, ko kallona ba ya yi."

Kafin ta taɓa komai sai da ta nemi ruwa da sabulu ta wanke hannu. Ɗakin da ɗumi, ga kaskon garwashi a gefe, ga hayaƙin turaren wuta, ga kuma ƙamshin kafur yana tashi daga akwatin kayan jariri. Ƙwan lantarki guda ne, mai haske ja-ja.

Goggo ba ta jira an gama gaisuwa ba. Ta riga ta tanadi sabuwar ƙwarya mai zane, ta kuma miƙo waya. Jariri ne a hoton, ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya tallabe haɓa da tafukansa, idonsa a rufe.

"Irin wannan nake so. Sannan a sa shi a ƙwarya."

Mai hoto ta duba ta ce, "Goggo, wannan da kike gani hoto biyu ne aka haɗa. A na farko wani yana riƙe da kan yaron ta sama, a na biyu yana riƙe da hannayen ta ƙasa, sai a goge hannun babban a kwamfuta. Ko ƙiftawar ido ba a sake shi ba. Kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi, sai ya kai wajen wata huɗu kafin ya riƙe shi sosai. In aka kafa shi haka aka saki, ko ya kife, ko haɓar ta danne ƙirji numfashi ya tsaya."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya kamata duk mai waya a hannu ya sani ne. Tun da Anne Geddes, 'yar ƙasar Ostareliya, ta yi suna a shekarun 1990 da hotunan jarirai a cikin tukwanen furanni, salon ya bazu a duniya. Sai dai masu kwaikwayo sakamakon kawai suke gani. Ba sa ganin mataimakin da ke tsugune a gefe, ba sa ganin hannun da aka goge.

Goggo ta ɗan ɓata rai, ta ce to a fara da wanda zai yiwu. Mai hoto ta roƙi a ɗage labule. Hajiya ta ce iska za ta shigar wa yaro. Mai hoto ta ce a bar tagar a rufe, labulen kawai za a ja, a kuma kashe ƙwan, domin in haske biyu suka gauraya launin fata ba ya fita daidai. Ba ta aiki da filashi a kan jariri. Ta shimfiɗa farin zane a kan gado kusa da tagar, wanda da shi take daidaita launi a kyamara, mai jego ta kwantar da yaron a kai, aka zare masa hula da shawul.

Ta ɗaga kyamara, sai ta sauke.

A kan farin zanen, fatar yaron ruwan ɗorawa ce. Ta sunkuya ta ɗan danna goshinsa da yatsa ta ɗauke, wurin ya fito rawaya. Ta danna ƙirji, haka. Ta danna cinya, haka. Da ya ɗan buɗe ido, farin idon ma ya rine.

"Hajiya, tun yaushe jikinsa yake haka?"

Goggo ce ta amsa. "Fari ne, dangin ubansa ya biyo. In ma launin ya yi yawa, ai ke kya gyara a kwamfutarki."

Tabbas za ta iya. Aikin minti ɗaya ne, ta ja launin ya koma yadda ake so, ta karɓi kuɗinta, a yaba hannunta a gidan suna, wasu gidajen su kira ta. Kuma ba ta da takardar aikin jinya, ba dangin gidan ba ce, ita ce ma mafi ƙanƙanta a ɗakin in aka cire jaririn. Wanda ya san yadda ake ji in yarinya ta buɗe baki a gaban manya a kan abin da ba a tambaye ta ba, ya san shirun ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ta taɓa ganin ɗan maƙwabtansu da shawara ta kama yana kwana shida aka yi jinkiri, yau ya girma ba ya ji, ba ya iya zama da kansa.

Ta rufe bakin kyamarar ta ce, "Ku yi haƙuri, ba zan ɗauka ba yau. Ina ganin shawara ce, kuma ta sauko har ƙafa. A kai shi asibiti yanzu."

Shawarar jarirai ba baƙuwa ba ce. Fiye da rabin jarirai sukan yi ta a makon farko, saboda jajayen ƙwayoyin jinin da suka zo da su suna farfashewa, hanta kuma ba ta yi ƙwarin kwashe dattin ba, sai ya taru ya rina fata. Mafi yawa takan wuce da kanta. Daga fuska take farawa ta gangara, kuma gwargwadon nisan da ta yi zuwa tafin hannu da tafin ƙafa, gwargwadon yawanta a jini. In ta wuce kima takan haye ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi a can ba ta gyaruwa. A fatar baƙin mutum tana da wuyar gani, balle a ɗaki mai duhu, balle a hoton wayar da ke gyara fuska da kanta. Kwana biyar ana kallon yaron, ana ɗaukar sa, ana tura wa Fatakwal, babu wanda ya gan shi a hasken rana.

Hajiya ta ce, "Shawara ai mun san ta. Gobe a fito da shi hantsi, a ba shi ruwan gulukos. Jibi suna, in an watse sai a je."

Mai hoto ta juya wajen mai jego, wadda tun shigowarta ba ta ce uffan a kan yaron ba. Ɗan fari ne, ga mahaifiyarta a zaune, kunya ba za ta bar ta ta nuna damuwa ba.

"Yaya, don Allah ki faɗa mini. Yana kama nono?"

Ta sunkuyar da kai ta daɗe. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun jiya sai na tashe shi. In ya kama sai ya saki."

"Ai mu cewa muke yaron kirki ne, ba ya kuka," in ji Hajiya, amma muryarta ta sauya.

Sai mai hoto ta buɗe kyamarar ta ɗauki hoto guda, na fuskar yaron a kan farin zanen, ta faɗaɗa wajen idon har ya cika gilashin, ta miƙa wa Hajiya. Tsohuwar ta sa tabarau ta duba. Ta tashi da kanta ta kama tafin ƙafar jikanta ta danna, ta ɗauke yatsa, ta duba. Ba ta ƙara gardama ba.

"Ɗauko mini mayafina. Ke kuma leƙa ki tsayar da Adaidaita."

A asibitin yara na Hasiya Bayero aka ɗebi jininsa, aka kwantar da shi. Aka tuɓe shi sai ɗan kunzugu, aka rufe masa ido, aka sa shi ƙarƙashin shuɗin haske, wanda ke sauya dattin nan ya zama abin da jiki zai iya fitarwa ta fitsari da bayan gida. Wannan magani ma daga lura ya samo asali. A 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, wata nas mai suna Jean Ward ta lura cewa jariran da take fitarwa rana shawararsu tana raguwa, sai wurin da zane ya rufe ne ke zama rawaya. Likitoci suka bi diddigi, a 1958 suka wallafa sakamakon gwajin fitila. Amma hantsin tsakar gida ba ya maye gurbin wannan fitila. Ba a iya auna ƙarfinsa, yana ƙona fata, kuma a hunturu sanyi zai kama yaron kafin a je ko'ina. Ruwan gulukos kuwa cika ciki kawai yake yi, ya rage shan nonon da ke taimaka wa jiki fitar da dattin.

Likitar ta sunsuna shawul ɗin ta tambaya ko ana sa kafur a kayansa. Aka ce ƙwarai, tun kafin haihuwa. Ta ce akwai wani rauni na gado a jini da ake kira G6PD, ya yawaita a ƙasashenmu, ya fi kama maza, kuma mai shi in ya shaƙi kafur ko ya sa kayan da suka kwana a ciki, jininsa kan farfashe da sauri. Gwaji ya nuna yaron yana da shi. Ta ce sun zo a kan gaɓa, da an ƙara kwana biyu da sai an sauya masa jini, kuma ba ta da tabbacin abin da za a tarar.

Suna bai fasa ba. Da safiyar kwana na bakwai maza suka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Uban ya baro wajen ya wuce asibiti, ya ga ɗansa karon farko da ƙyalle a ido. Taron mata ne aka ɗage. Goggo ta yi asarar kafin alƙalamin da ta ba mai buga kalanda, ta kuma sha tambayar ƙawayen da ta gayyata, har ta yi kwanaki ba ta son a ambaci mai hoton. Ba muguwa ba ce. Ɗan yayanta take so duniya ta gani da kyau, kuma da wuya mutum ya yafe wa wanda ya ga abin da shi ya kasa gani. Amma ita ce ta kwashe kayan akwatin nan kaf ta wanke ta shanya, ta zubar da kafur ɗin, kuma ita ce ta sake kiran waya bayan an sallamo su.

A lokacin yaron ya haura mako uku. Ya daina dunƙulewa irin ta sabon haihuwa, yana miƙa, yana kuka, yana neman nono kowane lokaci, har aikin ya ci wuni guda saboda tsayawa ana shayarwa. An ɗauke shi a kafaɗar uwarsa, an ɗauke shi a cinyar Hajiya. Goggo ta fito da ƙwaryar tana ɗan jin nauyi. Mai hoto ta cika ta da zannuwa ta ajiye a ƙasa kan katifa, ta ce Goggo ta tallabi kan da hannunta kada ta saki.

"To hannun nawa fa? Za ki goge?"

"In kin ce a goge sai in goge. Amma lallen ya yi kyau, Goggo."

Goggo ta ce a bar shi.

Da za ta tafi, Hajiya ta ƙara mata wani abu a kan kuɗin aikin, ta rako ta har zaure ta ce, "'Yar maƙwabciyata ta sauka shekaranjiya. Ki biya ki duba mini yaron a bakin taga."

"Zan biya, Hajiya. Amma ni ba likita ba ce. In na ga abin da ban gane ba, asibiti zan ce su tafi."

"Ki ce ni na aiko ki. In sun tsaya jan magana, ki turo a kira ni."