Yaron da Ya Cuci Kansa, Wa Za a Tuhuma?

Zongo ta birnin Kwatano unguwar baƙi ce tun asalinta. Fatauci ne ya tara Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da Yarabawa a kewayen babban masallacinta. Masu bin Almasihu da ke jin Hausa kaɗan ne a cikinta, amma gidan haya ɗaya suke zama da maƙwabtansu Musulmi, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. A irin wannan gida magana ba ta ɓuya. Duk da haka akwai abin da yakan yi watanni ba wanda ya gani.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 14, wadda aka kawo daga arewacin Benin wurin gwaggonta don ta taya ta talla. Ta daina wasa da tsararrakinta. Ko ana zafi ba ta rabuwa da riga mai dogon hannu. Wata rana wajen wanki aka ga tabo a hannunta, aka kuma gane ita ce ta yi wa kanta. Nan take gidan ya rabu uku. Wasu suka ce sammu ne ko aljanu. Wasu suka ce shagwaɓa ce, bulala za ta gyara ta. Wasu kuma suka ce zunubi ne, a kai ta ta tuba. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke damunta.

Tambayar da ke gaban mai karatu ke nan. Yaron da ya ɗaga hannu a kan jikinsa, mai laifi ne ko mai ciwo? In kuwa akwai laifi, a wuyan wa yake?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ake hukuntawa. Likitoci sun raba al'amarin gida biyu. Akwai yaron da yake ji wa kansa ciwo ba da nufin mutuwa ba. Zafin da ke cikin zuciyarsa ne ya fi ƙarfinsa, sai ya nemi zafin jiki ya danne shi na ɗan lokaci. Wannan yakan fara tsakanin shekara 12 zuwa 14. Akwai kuma wanda ya gaji da rai ɗungum. Hanyoyin biyu dabam suke, amma ta farko takan kai ga ta biyu, kuma wanda ya taɓa gwada kashe kansa shi ya fi kowa zama cikin hatsarin sake gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum fiye da 700,000 suka kashe kansu, kuma wannan ne sanadi na uku mafi girma na mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. Ta kuma ce cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar tunani. Saboda haka ba cutar Turawa ba ce, kamar yadda wasu dattawa suke faɗa.

Me ke kai yaro ga wannan hali?

Na farko, ciwon damuwa. Ba baƙin cikin kwana biyu ake nufi ba. Nauyi ne da ke zaune a zuciya mako biyu ko fiye, ya hana barci ko ya sa barci ya yi yawa, ya kashe sha'awar abinci da ta wasa. A wurin yaro sau da yawa yakan fito da kamannin fushi da taurin kai, sai manya su ɗauka rashin kunya ne.

Na biyu, fid da zuciya. Likitan nan na Amurka, Aaron Beck, ya nuna cewa wanda ya daina sa rai gobe za ta fi yau kyau yana cikin babban hatsari. Yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC, bayan ubansa ya yi shekaru yana kabu-kabu cikin rigar nan rawaya ta 'yan zemijan don biyan kuɗin makarantarsa, yana iya ganin kamar ƙofa ta rufe har abada.

Na uku, jin cewa mutum ya zama kaya a wuyan mutane, kuma ba shi da kowa. Wani masani, Thomas Joiner, ya bayyana a 2005 cewa in waɗannan biyu suka haɗu a zuciya guda, sha'awar mutuwa takan tsiro. A Benin akwai al'adar ba da riƙon yara da ake kira vidomegon. Asalinta alheri ne, dangi mai hali ya ɗauki ɗan mara hali ya rene shi. Amma talauci ya ɓata ta a wurare da yawa, har 'yan mata ƙanana suka cika kasuwar Dantokpa shekara da shekaru da faranti a ka. Yarinyar da kullum ake yi mata gorin tuwon da ta ci, uwarta kuma tana can tafiyar yini guda, ta haɗa duka biyun.

Na huɗu, duka da zagi da lalata da yara. Wanda aka wulaƙanta tun yana ƙarami yakan yarda cewa shi ba komai ba ne, har ya koyi hukunta kansa da kansa. A yau gorin ba ya tsayawa a bakin famfo. Yana bin yaro cikin waya har kan tabarmarsa da tsakar dare.

Na biyar, gaggawar ƙuruciya da ƙwaya. Sashen ƙwaƙwalwa na gaba, wanda ke sa mutum ya dakata ya yi tunani, ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20. Shi ya sa yaro yakan yi cikin minti goma abin da da ya kwana ba zai yi ba. Giya da ƙwayoyi irin su tramadol suna ƙara sassauta wannan linzami.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yaro ya zaɓa wa kansa. Wannan ya isa ya sa mai saurin hukunci ya ja baki.

To, sai a dubi gida. Hausawa suna cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Kunya ma ado ce ga yaro. Amma akwai haƙurin da manya suke ɗora wa yaro don kada ya dame su. Yarinya ta buɗe baki, a ce mata, "Ke dai yi haƙuri." Ta sake buɗewa, a ce ba ta da kunya. Daga nan sai ta yi shiru, gida kuma ya yaba mata da ladabi. Haƙuri na gaskiya shi ne mutum ya faɗi ciwonsa, a ji shi, sa'an nan ya jure tare da masu taimakonsa. Shirun da aka tilasta wa yaro kuwa rufe miki ne ba tare da an wanke ba.

Ikkilisiya ma ta yi doguwar tafiya a kan wannan batu. Tun zamanin Agustin ta koyar cewa rai na Allah ne, mutum ba shi da ikon ɗauke nasa. Wannan koyarwa tana nan. Amma ɗaruruwan shekaru aka yi ana hana wanda ya kashe kansa addu'ar jana'iza, iyalinsa kuma su ɗauki kunya a kan baƙin ciki. Ikkilisiyar Katolika ta cire wannan hani daga dokokinta a 1983, katikisma ta 1992 kuma ta yarda cewa tsananin ciwon tunani da azaba da tsoro suna rage alhakin mutum. Hukumomi ma sun fara binta. A 2023 majalisar Ghana ta soke dokar da ke hukunta wanda ya gwada kashe kansa.

Wani zai ce, in an cire wa yaro laifi, ba an ba shi izini ke nan ba? A'a. Aikin mugu ne, domin yana lalata abin da Allah ya halitta, kuma dole a tsayar da shi. Abin dubawa shi ne wace hanya ce ke tsayar da shi. Bulala tana tabbatar wa yaron abin da zuciyarsa ta riga ta gaya masa, cewa shi abin ƙi ne. Sai ya ƙara ɓoyewa. A cikin 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai tsauta masa ba. Ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, ya bar shi ya yi barci, daga baya ne magana ta zo, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Alhakin yaro yana nan, wato ya karɓi taimako in an miƙa masa. Amma alhakin babba ya fi nauyi, gama shi ne mai ido da ƙarfi.

Me gwaggon nan za ta yi? Labarin zuciya a tambayi fuska, amma kada a tsaya a fuska. Ta kira yarinyar inda ba kowa, ta ce, "'Yata, na ga hannunki. Ba faɗa zan yi miki ba. Kin taɓa tunanin kashe kanki?" Mutane suna tsoron tambayar, wai za ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Yawanci sauƙi take kawowa. In yarinyar ta ce, "I, Gwaggo," kada a bar ta ita kaɗai, kuma a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya dafi, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Bayan haka a kai ta wurin ma'aikatan lafiya. A Kwatano akwai asibitin Jacquot na masu larurar tunani, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa ɗorin ƙashi ba abin kunya ba ne. Addu'a ta raka magani, kada ta hana shi.

Ɗa na kowa ne. A unguwa irin Zongo, mai yiwuwa maƙwabciya Musulma ce za ta fara lura da ɗiyar Kirista, ko kuwa shugabar zumuntar mata ta fara lura da almajirin da ke kwana a zaure. Duk wanda ya gani, amanar ta faɗo a kansa. Ya je ya zauna kusa da yaron, ya kira sunansa, ya tambaye shi, ya kuma tsaya har ya ji amsar.