Busasshen Fure da Nauyin Alkawari

'Yan'uwa, a ƙasar Indiya ango da amarya sukan rataya wa juna sarƙar furanni a wuya ranar aure, alamar kowannensu ya karɓi ɗayan. A tsibiran Hawai kuma akan yi wa ɗalibin da ya kammala karatu irin wannan ado, wanda suke kira lei. Cikin 'yan kwanaki furen yakan yi yaushi, duk da haka waɗansu sukan shanya shi, su adana shekara da shekaru.

Shin wannan hikima ce ko wauta?

A ganina babu laifi, gama ɗan Adam mai mantuwa ne, waiwaye kuwa adon tafiya. Amma fure shaida ne kawai, alkawarin da aka ɗauka a ranar shi ne kaya. Mutumin da ya killace furen aurensa cikin akwati, matarsa kuwa tana kwana da hawaye, ya adana ɓawo ya zubar da ƙwaya.

Saboda haka duk mai abin tunawa, ko fure ne, ko hoto, ko zanen aure, sai ya tambayi kansa: ina alkawarin da na ɗauka ran nan? Allah ya ba mu ikon cikawa.